Ma'aunin Albarushi a Tiren Shayi

"Barka da yamma, angon da ba ya tsufa. Ya zafi, ya tantabarun naka?"

"Tantabarun gidanku. Tun azahar na aike ki sayen sukari, sai yanzu? Ko sai da kika tsaya aka shuka raken?"

Alhaji Rabe ke nan da jikarsa Mujahida, a kan rufin gidan da suke haya a unguwar Mansur ta Makka, bayan la'asar. Nan ne fadarsa: tabarmar roba, matashi, ɗan murhun gas, da tiren ƙananan kofunan shayi da yake jera wa tsofaffin abokan hirarsa kafin su hauro. Tsohon maharbi ne, ko in ce maharbi ne a bakinsa, don babu wanda ya taɓa ganinsa da bindiga a Makka. Da ƙuruciya ya baro ƙasar Gumel da matarsa Shatu, ya ratso Chadi da Sudan yana farauta suna ci, ya sayar da bindigar a bakin teku kafin su shiga jirgi. Abin da ya rage masa na sana'ar shi ne ɗan ma'aunin albarushi na ƙahon gada, wanda yanzu yake auna sukari da shi, sai kuma yatsu huɗu a hannun dama. Allah da ikonsa, sai ya zaunar da shi a garin da ko firgita tantabara ba a yarda ka yi ba, balle ka harbe ta. Su kuwa tantabarun kamar wani ya kai musu labari, a kansa suka tare.

Ita Mujahida haifaffiyar Makka ce, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, ko kakanta ma jaddi take ce masa. Ƙawaye suka ja ta wani kulob na koyon harbi a Jidda, aka tarar tana da saiti, har aka zaɓe ta shiga gasa. Babanta Abdulƙadir ya ce atafau ba za ta je ba, shi da ya tashi yana kallon hannun ubansa. Da ta ishe shi da naci sai ya ce ta je ta tambayi kakanta, in ya yarda shi ma ya yarda, don ya tabbata tsohon ba zai yarda ba. Matar da ke koyar da su kuwa a yau take jiran amsa. Abin da ya hawo da Mujahida ke nan, sukari dai ɗan rakiya ne.

"Ga sukarinka. Likita ya ce ko ƙanshinsa kada ka ji."

"Likitan nan ranar da aka raɗa masa suna ina da furfura. Miƙo nan."

"Ba na miƙawa sai an ba ni tukuici."

"Miji ya aiki matarsa ta ce tukuici? Wannan auren asara ne. Tun da na aure ki ko ruwan alwala ba ki taɓa ɗora min ba."

"Wane mijin? Mijin da tantabara ta kora daga igiyar shanyarsa? Jiya ina kallo ta yi maka kashi a hula, ka ɗaga kai ka ce mata sannu Hajiya."

"Darajar Harami ta ci. Da a dajin Chadi muka haɗu da ita, da tuni ta zama romo."

"Tayyib, maharbi. To yau shawara na zo nema a kan sana'arka."

"Shawara ko roƙo? Ubanki ya riga ki zuwa. Ya ce wai bindiga kike so ki ɗauka, ke da kyankyaso ke sa ki hawa kujera."

"Kyankyaso ba ya tsayawa a saita shi. Duba nan tukuna."

Ta juye sukarin a gwangwaninsa, ta zauna a gefen tabarma, ta miƙa masa wayarta. Hoton harsasai biyu ne a tsaye, ɗaya siriri dogo, ɗaya gajere mai kauri. Alhaji Rabe ya nesanta wayar da fuskarsa, ya dawo da ita kusa, ya sake nesantawa.

"Wannan harsashi ne ko jambaki?"

"Harsashi ne, ya jaddi. Duka biyun matsakaita ne, sun fi na ƙaramar bindiga ƙarfi, ba su kai na harbin manyan namun daji ba. Siririn shi ake ce wa biyar da ɗigo hamsin da shida, mai kaurin bakwai da ɗigo sittin da biyu."

"Harsashi da lambar waya. To in an kira shi yana amsawa?"

"Yana amsawa a kafaɗa. Siririn ya fi gudu, yana tafiya a miƙe, kuma ba ya dukan kafaɗa sosai. Mai kaurin ya fi nauyi, in ya yi nisa sai ya fara sunkuyawa, amma inda ya sauka an san ya sauka. An ce in zaɓi wanda zan yi gasa da shi."

"Ai na san su. Wannan siririn baffanki Sami ne, ga sauri ga surutu, kafin ka ce masa zauna ya kai unguwar Zahir ya dawo. Wannan kuwa baffanki Hamad ne, daga nan zuwa unguwar Kudai sai ya nemi wurin hutawa, amma ranar da ya faɗo maka ka gama yawo."

"Zan gaya musu."

"Gaya musu mana, ni na haife su. To wa ke yi miki ɗurin?"

"Ba a yi mata ɗuri ɗaya-ɗaya. Ana jera mata harsasai, in ka harba sai ta tofar da kwanson ta ɗora wa kanta wani."

"Bindiga mai ɗura kanta. To ke mene ne aikinki a wurin? Riƙe mata jaka?"

"Ni ke saiti."

"Saiti. Yarinya, mu a zamaninmu kafin ka yi saiti ka yi aiki. Ka auna albarushi da wannan ƙahon, ka zuba, ka tura tsumma, ka sa dalma, ka kirɓa da sanda. Kana yi ɓauna na tsaye tana jiranka."

"Tana jiranka? Da ladabi haka?"

"Ta san wanda ke ɗurin. Akwai ranar da dalma ta ƙare min a dajin Sudan, na ɗura da gishiri da barkono. Zabon da na harba a gashe ya faɗo, da yajinsa da komai. Kakarki tuwo kawai ta tuƙa."

"Ba a sa albasa ba?"

"Albasa ta yi tsada a shekarar."

"Wallahi da ana gasar ƙarya a Jidda da kai zan kai, mu dawo da kofi biyu."

"Ƙarya? Ga shaida a hannuna." Ya ɗaga hannun dama, inda manuniya ta guntule daga tushe. "Damisa ce ta yi wannan, ni da ita gaba da gaba."

"Bara damisa ce. Da Sallah na ji ka gaya wa abokanka kada ne a tafkin Chadi."

"Damisar ta fara, kadan ya ƙarasa."

"Ni kuwa Hajiya Shatu, Allah ya ji ƙanta, ba haka ta gaya min ba. Ta ce ɗuri biyu aka yi wa bindiga, ta fashe."

"Kakarki ba ta wurin."

"Ta ce tana wurin. Ta ce tana budurwa ta zo wucewa da tulu a ka, ta ga wani saurayi yana ɗuri a gindin kuka, ta ce masa sannu da aiki. Ta ce sai da ya bi ta da kallo har ta shige gida, sannan ya koma kan aikinsa."

 Alhaji Rabe ya gyara zaman butar shayi a kan murhu, alhali ba ta karkace ba. Tun da Shatu ta rasu babu mai ba da wannan labarin a gabansa, kuma jin sa a bakin yarinyar nan mai gurguwar Hausa ya sa kewar matarsa ta taso masa sabuwa fil.

"Damisa ce," ya ce. "Sai dai damisar kyakkyawa ce."

Mujahida ta yi dariya a hankali, ta sauya zance. Ta san iyakar inda wasa yake tsayawa da tsohon nan.

"To ka yarda in je?"

"Ban ce ba. Mu a wurinmu akwai doka, ba a yi wa mai ɗuri magana, ko uwarsa ce ta zo sai ta jira. Amma duniya ba ta bin doka, dole wani ya yi maka magana. Saboda haka duk wanda ya zo koyo a wurina, sai na ga yadda hankalinsa ke zama in ana surutu a kansa."

"Mu ba ma ɗuri da hannu, a kwali harsasan ke zuwa. Mudarribarmu ce dai, mai koya mana, ta zauna a wata ƙasa inda masu harbi ke sake cika kwansonsu a gida, ta nuna mana yadda suke yi."

"Ba ruwana da kwali. Wadda magana za ta ɗauke wa hankali a kan ɗuri, za ta ɗauke mata shi yatsanta na kan kunamar bindiga. Ga kofuna shida, ga sukari, ga ma'auni. Kowane kofi ɗuri ɗaya, shafe da baki. Kika yi wa wani biyu, ko kika tsallake wani, kin zauna a gida kina wanke min hula. Kika yi daidai, ni da bakina zan gaya wa ubanki."

"Shi ke nan jarrabawar? Sukari a kofi?"

"Shi ke nan. Sai dai ni ba zan yi shiru ba."

"Dama ka taɓa yi?"

Ya ciro ƙahon daga wuyansa ya miƙa mata. Ɗan abu ne da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, ya yi baƙi ya yi santsi don shan hannu, da igiyar fata a gindinsa. Mujahida ta karɓa tana dariya, amma ta natsu da ta ga idon tsohon babu wasa a ciki. Ta fara da kife kofunan duka a kan tire.

"Me ye haka? Shayin a gindin kofi za a sha?"

"Wanda ke kife babu komai a cikinsa. Wanda na juyo shi zan zuba wa, kuma ba na juyo wani sai na gama da shi."

"Ƙaƙale. Mu da ka muke riƙewa."

"Na ga inda riƙewa da ka ta kai ka."

"Za ki ga rashin kunya. Fara."

Ta juyo na farko, ta cika ƙahon, ta shafe bakinsa da yatsa, ta zuba.

"Af, na manta ban gaya miki ba. Wani ya zo neman aurenki jiya, na ce masa da mijinki."

"Ka kyauta. Yana da haƙora?"

"Biyu, amma masu ƙarfi ne."

"To ya fi ka da ɗaya." Ta juyo na biyu.

"Kofi na nawa ke nan? Na uku ko?"

"Na biyu."

"Na uku ne, ina gani. Kin tsallake ɗaya."

"Idon da ya ga jambaki a hoton harsashi ba zai ƙirga min kofi ba."

"Kunama, kunama a ƙafarki."

"Ka gaishe ta. Ka tambaye ta ko ita ce ta ƙarasa abin da kada ya bari."

"Ga ubanki nan yana hawowa, da bulala a hannu."

"Baba yana shago sai magariba." Ta zuba na uku, ta juyo na huɗu.

"Hausarki ma ban san inda kika samo ta ba. Jiya na ji kin ce wa tsintsiya abin share-share."

"Kai kuma shekara nawa kana Makka, har yau in ka je sayen burodi da hannu kake nunawa."

"Da wane hannun? Ai manuniyar babu."

Nan ta kusa sakin ƙahon don dariya. Ta cije leɓe, ta tsaya cak har dariyar ta wuce, sannan ta shafe bakin ma'aunin ta zuba. Tsohon ya lura da wannan tsayawar.

"Na sake ki," ya ce. "Saki ɗaya."

"Alhamdu lillahi. Ka haɗa min da tabarmar nan cikin kayana."

"Na mayar da ke."

"Ban yarda ba, sai an sake lefe."

Ta gama da na biyar, ta gama da na shida. Tana ajiye ƙahon ke nan sai shayi ya tafaso ya fara zuba a kan murhu, wuta na tsartsatsi. Mujahida ta juya da sauri ta sauke butar, ta rage wutar, ta nemi tsumma tana goge inda ya zube. Tana ba shi baya, Alhaji Rabe ya zura hannu cikin gwangwani, ya damƙo sukari da yatsunsa huɗu, ya watsa a kofin da ke kusa da gwiwarsa. Kafin ta juyo ya harɗe hannuwa, ya ɗaga kai yana kallon tantabaru kamar mutumin kirki.

"To madalla, kin gama. Zuba shayi kafin tsofaffin nan su hauro su ce matata ba ta iya komai ba."

"Ka yarda na ci?"

"Zuba dai. A baki ake gane ɗuri."

Ta ɗauko butar, ta kawo bakinta kan kofin farko. Tsohon ya daina kallon tantabaru. Da shayin ya sauka, sukari zai narke, kuma babu mai sake sanin abin da ke cikin kowane kofi sai an kurɓa. Sai ta fasa, ta mayar da butar ƙasa.

"Me kuma?"

"Na ba tiren nan baya."

"To sai me? Aljanu ne a rufin?"

"Akwai wani tsohon aljani mai ciwon suga."

Ta ɗaga tiren zuwa saitin idonta, ta juya shi wajen hasken rana, ta bi kofunan ɗaya bayan ɗaya. Biyar kansu ɗaya. Na shida ya yi tozo.

"Wannan an yi masa ɗuri biyu."

"Shi ke nan, kin faɗi. Da bindiga ce da yanzu muna neman yatsunki a rufin maƙwabta. Je ki ɗauko hular, tana kan igiya."

"Ban faɗi ba. Sau shida na cika ƙahon nan, sau shida na zuba."

"To wa ya ƙara? Tantabara?"

"Bari mu bi sawu, tunda gidan maharba ne."

Ta nuna tabarma da yatsa. Daga bakin gwangwani har zuwa inda tiren yake, ga sukari nan ya yi layi, ɗigo-ɗigo, don hannun tsohon ya daɗe da fara rawa, ko da yake ba ya so a sani. Ta bi layin a hankali har ya kai ta gwiwarsa, ta kamo hannunsa na dama ta buɗe. Ga sukari nan maƙale a tsakanin yatsu, har kan guntun manuniyar.

"Ga dabbar nan na kamo. Sawunta yatsu huɗu."

"Sharri ne."

"Ko damisa ce ta zo shan shayi?"

"Kada ne."

Bai iya ƙarasawa ba, dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har da tari, ta miƙa masa ruwa ya sha, ya goge ido da bakin riga. Da ya natsu sai ya dube ta, muryarsa ta sauka.

"Awo ba wuya, amarya, kowa ma zai iya. Abin da nake jira in gani shi ne, in kin juya baya kin dawo, za ki sake dubawa ko za ki yarda da abin da kika bari. Da kin zuba shayin nan ba ki duba ba, wallahi da babu inda za ki, ko za ki shekara kina kuka."

Sai a lokacin Mujahida ta ji tsoro sosai, da ta tuna yadda bakin butar ya kai kan kofi. Ta haɗiye abin, ta murguɗa masa baki.

"Ƙarya ne, ba wata jarrabawa. Kwaɗayin sukari ne ya kama ka."

"Duka biyun ne. Miƙo min kofin nan, kada a yi asara."

"Wannan? Bindigar da aka yi wa ɗuri biyu ba a harba ta." Ta juye sukarin cikin gwangwani, ta kife kofin.

"Allah ya isa tsakanina da matar da ta koya miki wannan."

"To Sami zan ɗauka ko Hamad?"

"Ɗauki Sami. Kafaɗar nan taki kamar fiffiken ɗan tsako, in Hamad ya doke ta sai dai a kawo min ke a leda. Kuma takarda za ki harba, ba ɓauna ba, me za ki yi da nauyi?"

"Dama shi na zaɓa tun makon jiya."

"To me ya sa kika tambaye ni?"

"Don in ka ji na ci, ka ce wa abokanka kai ka zaɓa min."

"Ai ko ba ki tambaya ba haka zan ce. Kira min wancan yaron."

Wancan yaron shi ne Abdulƙadir, mai furfura a gemu, wanda har yau ubansa ba ya kama sunansa don ɗan fari ne. Mujahida ta danna lambar ta sa masa wayar a kunne. Alhaji Rabe irin mutanen nan ne da suke ganin sai an ɗaga murya waya ke kai saƙo.

"Kai, kana ji na? Yarinyar nan za ta je Jidda. E, na ce za ta je." Ya saurara, yana yamutsa fuska. "Na san da hannuna, ai a jikina yake. Yatsan nawa ne ya tafi ko naka? To bar min tsoron, na fi ka sanin inda yake. Na gwada ta, ta fi ni hankali lokacin da nake sa'anta. Kai za ka kai ta da kanka, ka zauna ka kalla, ka dawo ka ba ni labari. Halas."

Ya ture wayar. Mujahida ba ta taɓa jin ya yabe ta ba sai yau, kuma a gabanta. Ta ɗauki ƙahon daga kan tire ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ga kayan aikinka."

"Riƙe. Ubana ne ya ba ni, shi ma ubansa ya ba shi. 'Ya'yana uku maza, babu wanda ya taɓa tambayata ko na mene ne. Ɗaya ma ya ɗauka abin busa ne na yara."

"Jaddi, ni mace ce fa. Ka ce a garinku mata ba sa taɓa kayan farauta."

"A garinmu ke nan. Nan kuwa garin da tantabara ke yi wa maharbi kashi a hula ne, komai ma zai iya faruwa. Sa a wuya kafin in canja ra'ayi."

Ta rataya igiyar a wuyanta, ta tura ƙahon cikin mayafi. Idonta ya ciko, ita kuwa ba ta yarda tsohon nan ya ga hawayenta ba, don sai ya shekara yana ba da labari. Ta yi maza ta sunkuya ta zuba shayi a kofuna biyar, ta zuba masa nasa babu sukari, sannan ta rufe gwangwanin ta saƙale shi a hammata ta miƙe.

"Ina za ki da wannan?"

"Babu ma'auni, babu sukari. Ka taɓa ganin maharbin kirki yana ɗuri da ka?"

"Kin ga irinta ko? Ka yi wa mace kyauta ta tafi da tukunyarka. Na sake ki, saki uku."

"Sai na dawo da kofin gasa ka zo biko."

"In kika dawo babu kofi, kada ki hau min rufi."

"In na dawo da shi, a ciki za ka riƙa ba tantabarunka ruwa."

Ta kai bakin matakala, ana jin muryoyin tsofaffi daga ƙasa suna hawowa suna nishi. Sai ya kira ta, ba da amarya ba, ba da yarinya ba.

"Mujahida."

Ta tsaya ta juyo. Ya ɗaga mata hannunsa na dama a buɗe.

"Da goma za ki tafi. In kin dawo zan ƙirga."

Ta kalli hannun. Sannan ta ajiye gwangwanin a kan matakala, ta ɗaga nata duka biyun, ta ware yatsu.

"Na ji, ya jaddi. Amma da me za ka ƙirga? Naka tara ne, sai dai in ara maka ɗaya."

Alhaji Rabe ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi, tantabarun da ke kan igiya suka tashi fir gaba ɗaya. Tun zuwansa Makka bai taɓa firgita ko ɗaya ba sai yau. Ya bi su da kallo, ya dafe ƙirji.

"Astagfirullah. Ku yi haƙuri, Hajiyoyi, ku dawo. Matata ce ta ci ni."